Kujerar Baƙo a Motar Girbin Orest

Hannunta na kan cikin Orest Danyluk lokacin da tsoron ya kama ta. Tsohon yana kwance rigingine a kan gadon aiki, sanye da rigarsa ta gona, takalmansa na bakin ƙofa, yana ba ta labarin wani maƙwabcinsa da ya sayi motar girbi mai tuƙa kanta, ta kwashe shi sai cikin fadama. Jolene Tarrant ta ɗora yatsunta a hankali sama da cibiyarsa kaɗan, yadda aka koya mata, tana neman inda naman ciki ya ɗaure har yake jan baya. Sai ta ji bugu. Bugun jini a wannan wurin ba baƙon abu ba ne, balle ga siririn mutum irin Orest. Amma wannan ba sama yake tura yatsunta ba. Raba su yake yi, ɗaya dama ɗaya hagu, da faɗi, kamar wani abu ya cika wurinsa yana neman ƙari.

Ta janye hannun ta ɓoye shi a bayanta.

"Yaya dai, Likita? Wuta kika taɓo?"

"Na sha gaya maka ni ba likita ba ce, Orest."

"To, 'yar Toronto."

Daga Hamilton take, amma ta gaji da gyara masa wannan tuntuni.

"Ka ce ciwon bayan ya canja?"

"Da in na kwanta yakan lafa. Kwanakin nan kuwa, na kwanta, na tsaya, na zauna, duk ɗaya. Can ciki yake, kamar an kafa turke an manta da shi." Ya ɗaga kai ya dube ta. "Har kin gama? Yau ko juya ni ba ki yi ba."

A shekarun da ta yi tana koyon ostiyofati, wato gyaran jiki da hannu kawai, ba allura ba magani, an taɓa yi musu bayani a kan babbar jijiyar jinin da ke sauka ta bayan ciki, yadda takan kumbura a jikin tsofaffi, ta sa ciwon baya, wata rana ta fashe ba sallama. An ce duk wanda ya ji irin wannan bugun ya ɗauke hannu. Amma abin da aka fi nanata musu, tun shekarar fari har ranar karɓar takarda, shi ne su iya bakinsu. Ku ba likitoci ba ne. Kada ku kama sunan cuta. Kada ku tsorata mutum. Har jimla aka ba su suka haddace, suna gwada ta a kan juna suna dariya, murya ƙasa-ƙasa, fuska a sake. Ita ce ta fito daga bakin Jolene sumul, ba tare da ta neme ta ba.

"Zai yi kyau likitanka ya ɗan duba wurin nan, in ka samu sarari."

"In na samu sarari." Orest ya sauko da ƙafafunsa yana dariya. "Sai Nuwamba ke nan. Kanola na tsaye a gona, rediyo na cewa ruwa ranar Asabar, ke kuma kina maganar sarari. Talata mai zuwa ko?"

"Talata," in ji ta.

Ya ɗaure takalmansa yana nishi, ya ratsa ta cikin shagon gyaran gashi, ya tsokani matan da ke zaune da tawul a ka, ya fita. Tana tsaye inda ya bar ta ta ji tashin a-kori-kurarsa.

Ɗakin da Jolene ke aiki a bayan shagon Lorraine yake, a babban titin Brodwell, tsakanin gidan waya da shagon kayan tarakta. Da can wurin ajiye tawul ne da kwalaben rini, kuma har yanzu warin bai fita ba. Ta iso garin ne ƙanƙara na narkewa, bayan ta gama karatu ta zaga wuraren gyaran jiki na Hamilton da Burlington da Toronto da takardarta a hannu. Ko'ina tambaya ɗaya ce: kina da mutanenki da za su biyo ki? Ba ta da kowa. Cikin 'yan ajinsu wasu sun koma aikin da suka baro, wannan gidan motsa jiki, wancan gidan abinci. Wasu kuma suna ta saka hotunan ɗakunansu masu fitila mai laushi da tukunyar fure, amma ba mai faɗar ko ana shiga ɗakin. Wata malama ta taɓa ce musu su je inda babu kowa. Jolene ta ɗauki maganar da gaske, ta ninke gadon aikinta ta cusa a bayan mota, ta yi ta tuƙi yamma har itatuwa suka ƙare, ƙasa ta miƙe shimfiɗe.

Mutanen Brodwell ba su ƙi ta ba. Suna ɗaga mata yatsa ɗaya daga kan sitiyari in sun wuce, yadda suke yi wa kowa. Aikin nata ne ba su gane masa ba. Wanda ya zo neman tausa ya ce hannunta ba ƙarfi. Wanda ya zo a murɗa masa baya ya ji ƙas, ya tafi yana cewa yarinyar riƙe masa kai kawai ta yi, ko barci ta yi oho. Malaman makaranta biyu sukan zo jefi-jefi saboda inshorar aikinsu na biya. Manoma ba su da irin wannan gatan. Orest kaɗai ne ya zo ya zauna. Matarsa Verna ce ta turo shi, ya ce ya zo ne don a bar kunnensa ya huta, sai bayan ya ɗan saki, shi kuma ya mai da safiyar Talata tasa. A teburin kofi na gidan mai, inda dattawan garin ke yanke wa kowa hukunci, shi ne mai tare mata faɗa. "Ban san me take yi ba," yakan ce, "amma yanzu da kaina nake sa safa." Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta tun daga nan, da sunan Orest a bakinsa ya zo.

Da yamma takan hau ɗakinta da ke saman shagon, ta ci abinci a tsaye gaban taga, tana kallon rumbun hatsi da layin dogo. Wata rana sai ta lura tun safe ba wanda ya kira sunanta in ban da Lorraine. Ba birni take kewa ba. A makaranta in ka ɗora hannu a jikin mutum ka rikice, malama takan zo ta bayanka ta ɗora nata hannun a kan naka, sannan ta ce, "E, shi ne," ko kuma, "A'a, yatsunki kike ji." Wannan hannun take kewa.

Ranar, bayan fitar Orest, ta kira malamar. Na'ura ce ta amsa. Ta kira ɗakin shan magani na garin, aka ce nas sai Alhamis. Ta kwanta a kan gadon ta ɗora yatsu a nata cikin, ta ji bugu a nan ma, ƙarami, yana tura sama. Ta tashi, ta sake kwanciya, ta sake gwadawa. Orest siriri ne. Ƙila hannunta ne ya ƙara gishiri. In ta yi kuskure, ta sauke mutum daga kan inji a busassun kwanaki na ƙarshe, ta tura shi asibiti mai nisa ya wuni a layi, a ce masa lafiyarsa ƙalau, ruwa ya sauka a kan kanolarsa, shukar da ake tatsar mai daga 'ya'yanta. Labarin zai riga ta isa teburin kofi. In kuma aka kai ƙara ƙungiyarsu ta masu gyaran jiki cewa ta yi aikin likita, su ma ba za su bar ta ba. To in ba kuskure ta yi ba fa? Ta sallami mutum da murmushi ke nan, ya je ya zauna a kan inji mai jijjiga, shi kaɗai a tsakiyar fili.

Sai a nan ta ji jimlar tata da kunnen Orest. A Brodwell mutum yakan ce "ba laifi" alhali haƙarƙarinsa a karye. Wanda inji ya datse wa yatsa yakan naɗe da tef ya ƙarasa layinsa. Maganar da aka ƙera don kada ta firgita mutanen birni, masu zuwa asibiti a kan atishawa, a nan ma'anarta ita ce babu komai.

Rana ta karkata Lorraine ta leƙo, da almakashi a hannu.

"'Yar nan, tun ɗazu nake jin takunki kamar an kulle kyanwa a ɗaki. Lafiya?"

"A wace gona Orest yake yau?"

"Me ya samu Orest?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni? Ni da asirin rabin garin nan ke bi ta ƙarƙashin almakashina?"

"Shi ya sa."

Lorraine ta yi 'yar dariya, sai kuma ta dubi fuskar yarinyar da kyau, dariyar ta tsaya.

"Gonar arewa, bayan tsohon coci. Kada ki wahalar da kanki da waya, ba ya ɗagawa in yana kan inji. Verna na kai abinci ƙarfe biyar, in magana za ki yi da shi ki riga ta. Ki tsaya a bakin layi ki ɗaga hannu. Ba ya kashe inji don kowa, amma bai taɓa hana mutum kujerar baƙo ba." Ta buɗe firij ta ciro farantin kek. "Ungo. Ba a zuwa gona lokacin girbi hannu rabbana."

Tun daga nesa Jolene ta hango motar girbin tana tafe cikin ƙurarta. Ta ajiye mota a gefen hanya, ta ratsa kututturan kanola suna kartar ƙafafunta, ta tsaya ta ɗaga hannu. Injin ya rage gudu har ya tsaya, amma bai mutu ba. Ta hau tsanin da hannu ɗaya, kek a ɗayan.

"Yau ga abin kallo, Toronto ta zo gona. Ture bargon karen nan ki zauna. Ja ƙofar da ƙarfi."

Kujerar ƙarama ce, manne da tasa. Suka ɗauki layi. A gabansu bakin injin na ta haɗiyar kanola, ƙasan kujerar na rawa.

"Game da abin da na faɗa da safe," in ji ta.

"Nuwamba. Na ji."

"Ba Nuwamba ba. Yau."

Bai waiwayo ba.

"Na ji bugu a cikinka wanda ban taɓa jin irinsa ba. Akwai babbar jijiyar jini a wurin. Ina tsoron ta kumbura, kuma ina tsoron ita ke sa maka ciwon bayan nan, ba ƙashi ba. In ita ce, tana iya fashewa. In ta fashe a nan ba za ka kai bakin titi ba."

Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so, saboda ƙarar injin.

"Yanzu kuma kin yarda ke likita ce."

"A'a. Ba ni ma da ikon faɗa maka wannan. Kuma ina iya yin kuskure. A littafi na san shi, ban taɓa jin sa a jikin mutum ba."

"In kin yi kuskuren fa?"

"Ka yi asarar yini, ƙila ruwa ya kama ka, ka ba da labari a teburin kofi. Ni kuma in ninke gadona in sa a mota."

"To me ya hana ki faɗi haka da safe?"

"Haka aka koya mana magana."

"Uhm. Ni na ɗauka irin zancen nan naku ne. Ka riƙa shan ruwa, ka rage gishiri."

Suka kai ƙarshen layi. Ta zaci zai tsaya. Ya karya kan injin ya ɗauki wani layin. Ta riƙe farantin kek a cinya da hannu biyu. Sun yi nisa kafin ya sake magana, idonsa a gaba.

"Ƙanena Myron a tsakar gida ya faɗi, da bokiti a hannu. Shi ma yakan dafe baya. Aka ce zuciya ce. Ba wanda ya buɗe ya duba." Ya nuna da haɓa. "Ga Verna can ta iso."

Verna Danyluk, gajeruwar mace mai faɗin kafaɗa, ta riga ta sauke ƙofar bayan a-kori-kura ta shimfiɗa tawul a kai, ta jera tukwane: pirogi, wato dafaffen ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa, naɗin kabeji, tsiran alade, tulun kofi. Haka take yi kowace yamma tun farkon girbi. Orest ya bar injin yana kuka a hankali ya sauko, ya cika faranti, ya jingina da motar yana ci a tsaye.

"Dubi, tsohuwa, an kawo mana kek. Na Lorraine ne, kada ki yarda ta ce ita ta gasa."

Verna ta miƙa wa Jolene faranti ba tare da ta tambaye ta ko tana jin yunwa ba.

"Me ya kawo ki gona, 'yar nan?"

Jolene ta dubi Orest. Abin da ya faru a ɗakin aikinta nasa ne, ba ta da ikon kai wa kowa, ko matarsa. In ya ga dama ya haɗiye maganar da pirogi ya koma kan inji, ita kuma tana kallo. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake cika cokali.

"Zuwa ta yi ta gaya mini wai akwai ganga a cikina."

"Kai tsoho, yi magana kamar mutum."

Ya yi, a taƙaice, idonsa a kan faranti. Har sunan Myron ya ambata. Verna ta juyo wajen Jolene.

"Kin tabbata?"

"A'a."

"Amma kin taso daga gari har nan."

"E."

Verna ta goge hannu a gaban rigarta, ta zare farantin daga hannun mijinta da sauran abinci a kai.

"Je ka kashe injin."

"Mace, abin da ya rage bai fi..."

"Ka kashe, ko in hau in kashe da kaina. Ka san ban san maɓallin ba, duk wanda hannuna ya samu zan danna."

Ya tsaya jim yana kallon yamma, inda sama take fes ba ko gajimare. Sannan ya hau tsanin a hankali, yana dafe baya. Da injin ya mutu filin ya yi tsit, har Jolene na jin iska a cikin kanola. Verna ta sauke tukwanen ƙasa, ta rufe bayan motar, ta shiga wajen tuƙi.

"Ki kwashe waɗannan ki kai wa Lorraine," ta ce ta taga.

Orest bai dubi Jolene ba da zai shiga. Suka tafi. Ta daɗe tsaye tsakanin tukwane da mataccen injin, da faranti cike a hannunta.

Washegari da safe motocin girbin maƙwabta suka ratsa babban titi a jere, suka nufi arewa. Ba wanda ya kira taro, haka ake yi in mutum ya kwanta da amfani a gona. Jolene ta gan su ta taga. Da ta je gidan mai sayen madara, ɗaya daga cikin dattawan teburin kofi ya gyaɗa mata kai. Ba ta san abin da ke cikin gyaɗawar ba.

Lorraine ce ta samu saƙon Verna, ita ce ƙawarta tun ƙuruciya. Ta shigo ɗakin baya ta karanta mata a tsaye. A asibitin yanki an ɗauki hoton cikinsa, ba su bari ya koma gida ba, ko tashi zaune sun hana shi. An wuce da shi babban asibitin birnin Saskatoon. Za a shiga da shi tiyata yau.

"Ashe dai hannun naki ya ji gaskiya."

Jolene ta zauna a bakin gadon. Ba daɗi ta ji ba. Duk Talatun nan take tunawa, tun narkewar ƙanƙara, tana ta aiki a kan bayan mutumin nan, yana cewa ya ji sauƙi, ita kuma tana jin ta iya. Sai jiya ta fara kai hannu cikinsa. Ko abin yana nan tun farko? Ko da malamarta ce da tuni ta gano? Da kuma yinin da ya yi a kan inji saboda jimla mai laushi.

"Ki ci wani abu, 'yar nan," in ji Lorraine. Aka turo ƙofar shago, ta koma wajen wadda ta zo gyaran gashi.

Malamar ba ta kira ba har yanzu. Mutum ɗaya Jolene ke da shi ranar, malamin makaranta mai ciwon wuya, ta yi masa aikin hannunta na sanyi, ya tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Bayan ya tafi ta wanke tukwanen Verna a bahon wanke gashi, ta goge su, ta jera a kan gadon aiki don ba ta da wani wurin. Ita ba dangi ba ce, ba wanda zai kira ta. Verna ta ce za ta kira Lorraine in an fito da shi. Don haka Jolene ta buɗe ƙofar da ke tsakanin ɗakinta da shago, ta sa kujera a kusa, inda za ta ji ƙarar waya.

Gajimare ya fara taruwa daga yamma. Lorraine ta sallami mace ta ƙarshe, ta ɗauki tsintsiya ta fara share gashi. An shiga da Orest tun kafin tsakar rana, kuma har yanzu Verna ba ta kira ba.